Ziyarar Bakin Teku a Badagry Tare da Iyali: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Zariya

Yawancin mutanen Zariya da ke zuwa Legas kasuwanci ne ke kai su, ko neman biza, ko gaida dangi a Agege da Idi-Araba, kuma da yawansu sukan komo gida ba tare da sun sa teku a ido ba. Duk da haka, magidanta da iyaye mata suna yawan tambaya ko akwai bakin tekun da mutum zai iya kai iyalinsa cikin mutunci da kwanciyar hankali, musamman a lokacin hutun makaranta. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi garin Badagry da kewayensa.

Me ya sa aka zaɓi Badagry, alhali Legas cike take da wuraren shaƙatawa na bakin teku?

Wuraren da suka yi suna a yankin Lekki da Victoria Island galibinsu suna hannun 'yan kasuwa ne, kuɗin shigarsu yana da nauyi, kuma abin da ke jawo musu jama'a shi ne kiɗa mai ƙarfi da shaye-shaye da raye-raye har dare. Tsohon Bar Beach da iyayenmu suka sani ma babu shi yanzu, domin an cike wurin da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic a kansa. Badagry kuwa tana can ƙarshen yammacin Jihar Legas, kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, gari ne na masunta da manoman kwakwa, kuma rayuwarsa ba ta da gaggawar tsakiyar birni. Mutanen garin na asali su ne Ogu, waɗanda aka fi sani da Egun, sarkinsu kuma ana kiransa Akran.

Wurare uku ne baƙi suka fi nufa. Akwai Suntan Beach a kan hanyar Seme, inda ake samun rumfunan haya a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Akwai gaɓar tsibirin Gberefu, wadda sai an ƙetare ruwa ake isa gare ta. Sai kuma masaukin Whispering Palms da ke Iworo, wanda yake bakin kwantaccen ruwan da ya ratsa yankin, ba a bakin babban teku ba, saboda haka ya fi dacewa da masu ƙananan yara da tsofaffi.

Yaya ake zuwa daga Zariya?

Ko ta wace hanya aka bi, nisan Zariya da Legas ya haura kilomita 800. Mai tafiya a mota yana da zaɓi biyu: ko ya bi ta Kaduna, Abuja da Lokoja ya gangara ƙasar Yarbawa, ko ya bi tsohuwar hanya ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jebba, Ilorin da Ibadan. Ta biyun ta fi gajarta, amma ta sha fama da matsalar tsaro da lalacewar kwalta, don haka wajibi ne a tambayi direbobin Kwangila halin da take ciki a makon da za a tashi, a kuma bi shawararsu. Manyan motocin safa suna kwana a hanya, abin da ke da wuya ga mai goyo da kuma tsoho. Iyalin da za su tafi a motarsu gara su raba tafiyar kwana biyu, su yada zango kafin magariba.

Wanda Allah ya hore masa zai iya hawa jirgin sama daga Kaduna ko Kano, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi. Haka nan jirgin ƙasa na Rigasa zuwa Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, yana rage wa mutum wani ɓangare na wahalar hanya.

Daga cikin Legas, babbar hanyar Badagry tana bi ta Mile 2, Ojo, Okokomaiko da Agbara, tsawon kimanin kilomita 60. Kada gajartar ta ruɗi kowa, domin cunkoson motoci yakan mayar da tafiyar awa ɗaya da rabi ta zama ta awa uku ko huɗu. A fita da sassafe bayan sallar asuba. A kan wannan hanya ce kasuwar Alaba Rago take, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina a gaɓar teku ba irin tamu ba ce: ruwa yana sauka sosai daga Afrilu zuwa Yuli, ya fi tsanani a Yuni, ya ɗan lafa a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. A watannin damina teku ya fi fushi, hanyoyi kuma suna cika da ruwa. Hutun Disamba ya dace da yanayi, sai dai daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara jama'a kan yi cincirindo a kowane bakin teku, haka ma lokacin Ista da ranakun Lahadi. Mai neman natsuwa ya zaɓi tsakiyar mako, daga Talata zuwa Alhamis, ya isa wurin da hantsi. A irin wannan lokaci sau da yawa ba za ka tarar da kowa ba sai masunta da masu sayar da kwakwa.

Ba na ba da shawarar yin wannan tafiya da azumi a baki. Zafin can bai kai na bazarar Zariya ba, amma iskar tana ɗauke da laima, gumi ba ya bushewa a jiki, kuma ƙishirwa tana saurin kama wanda bai saba ba.

Yarana sun iya iyo a Galma da Kubanni. Zan iya barin su su shiga teku?

A'a, Malam, kada ka bar su. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma ina roƙon kowane uba da kowace uwa su karanta amsarta sau biyu.

Tekun Atlantika a gaɓar Legas yana da ƙarfi ƙwarai. Igiyoyinsa suna tasowa ne daga nesa, daga kudancin tekun, su yi tafiyar dubban kilomitoci babu wani tsibiri ko dutse da ya tare su, sannan su fashe a kan gaɓa mai gangare. Ruwan da igiya ta watso kan yashi dole ne ya koma, kuma a wasu wurare yakan tattaru a siririyar hanya guda ya koma cikin teku da gudu, kamar yadda ruwan sama ke tattaruwa a kwari bayan an sheƙa shi. Abin da ya sa wannan hanya take da haɗari shi ne, a ido ita ce ta fi kama da wuri mai lafiya, domin igiya ba ta cika fashewa a kanta ba, sai baƙo ya ga ruwa kwance ya ce nan ne ya dace da yara. Ƙwarewar iyo a kogi ba ta da amfani sosai a nan, domin mai iyo yakan yi ƙoƙarin komowa gaɓa kai tsaye, ruwa yana jansa baya, har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, abin da ake so shi ne ya bar kokawa da ruwan, ya tsaya a samansa, ya ɗaga hannu yana neman taimako, in kuma zai yi iyo ya yi shi a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar ruwan. Wanda ke tsaye a tudu kuma kada ya afka don ceto in ba gwani ba ne. Ya kira masunta, ya jefa igiya ko jarka ko duk abin da ke yawo a kan ruwa.

Yara za su more teku ba tare da sun yi iyo ba. Su tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, babba yana riƙe da hannun ƙarami, kuma kowa ya fuskanci teku, domin lokaci-lokaci igiya ɗaya takan fi 'yan uwanta girma ta hauro har inda ake zaton ba za ta kai ba. Yashin da ke ƙarƙashin ƙafa yana zaizayewa yayin da ruwa ke komawa, shi ya sa ko babba yakan faɗi. Teku kuma yana cikowa ya janye sau biyu a kowace rana, saboda haka tabarmar da aka shimfiɗa a busasshen wuri da hantsi tana iya jiƙewa kafin la'asar. Kada a ɗauka akwai ma'aikatan ceto a bakin aiki. A ɗora wa babba guda alhakin kallon yara, ba waya a hannunsa, sannan a riƙa karɓar juna.

A kan sami masu dawaki da ke ɗora yara su zaga da su a kan yashi. Ɗan Zariya da ya saba ganin hawan Salla zai so wannan, sai dai a yi ciniki kafin a hau, kuma mai dokin ya riƙe linzami da kansa.

Ƙetarewa zuwa Gberefu ba ta da haɗari?

Ruwan da ke tsakanin garin da tsibirin kwantacce ne, kuma ƙetarewar 'yan mintoci ce a kwalekwale mai inji daga titin Marina. Sharaɗi biyu ne ba a sassauta su: kowa ya sa rigar kariya daga nitsewa, har da yara, kuma kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. In mai jirgi ba shi da rigunan, a nemi wani. Bayan an sauka akwai tafiya a ƙasa cikin yashi da rana wadda za ta kai rabin awa ga mai tafe da yara, don haka a riƙe ruwan sha, Hajiya da Baba kuma a nema musu babur in ƙafa ba za ta iya ba. A dawo kafin duhu.

Ban da teku, me ake gani a cikin garin?

Kusan duk wuraren tarihi suna kan titin Marina ko kusa da shi, ana iya zaga su a wuni guda. Akwai gidan tarihin Badagry, wanda ke cikin ginin da Turawan Ingila suka yi a 1863 a matsayin ofishin mulki. Akwai gidan adana kayan bauta na zuriyar Mobee, inda ake nuna sarƙoƙi da mari da ƙarafan da ake ɗaure wuya da baki. Akwai gidan Seriki Williams Abass, wanda ya rasu a 1919, mutumin da zuriyarsa ke ba da labarin cewa shi kansa an taɓa bautar da shi an kai shi Birazil, ya komo ya zama babban mai fataucin bayi kuma jigo a cikin Musulmin garin. Ƙananan ɗakunan da ake tsare mutane a ciki suna nan har yau. Akwai kuma filin kasuwar bayi ta Vlekete, da wurin da itacen Agia ya tsaya, inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kiristanci a 1842.

Masu zagayawa da baƙi za su nuna maka wani gida da 'yan mishan suka kammala a 1845, su ce shi ne bene na farko a Najeriya. Gaskiyar magana ita ce shi ne na farko a irin ginin Turawa, domin maginan ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗora soro a kan soro kafin wannan lokaci, kuma hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi nesa ba kusa ba. Wannan ba ya rage darajar gidan, wanda ake dangantawa da aikin Samuel Ajayi Crowther na fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, amma ya kamata yaranmu su ji bayanin a cike.

Akwai wani abu da zai faranta wa Bazazzagi rai. A Badagry ne Bature Hugh Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825, ya kama hanya ta ƙasar Oyo da Borgu da Nufe, ya ratsa Zariya a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano, daga nan ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1827. Baransa Richard Lander ya komo da takardunsa har Badagry. Tafiyar da ta ci wa Clapperton fiye da wata shida ita ce iyali ke yi yau a kwana biyu, kuma hanyoyin da ya bi na fatake ne da suka riga shi sanin su.

Ya dace a kai yara wuraren tarihin bauta? Ba za su firgita ba?

Yaron da bai kai shekara bakwai ko takwas ba gara a bar shi a waje tare da babba, domin ɗakunan suna da duhu da ƙunci, wasu masu bayani kuma sukan ɗora wa baƙo sarƙa a wuya don ya ji nauyinta. Amma wanda ya fara hankali, a ganina, bai kamata a hana shi ba, kuma dalilina shi ne wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye.

Mutane da yawa a Arewa suna ɗaukar cinikin bayi ta teku a matsayin labarin mutanen Kudu. Ba haka ba ne. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, musamman a shekarun yaƙe-yaƙen jihadi, an gangaro da Hausawa masu yawa ta Nufe da Oyo aka sayar da su a tashoshin wannan gaɓa, wato Wida da Porto-Novo da Badagry da Legas. Da yawansu an kai su Bahia a ƙasar Birazil, inda Hausawa suka shirya tawaye a 1807, suka kuma tayar da wasu a shekarun da suka biyo baya. A 1835, cikin watan Ramadan, Musulmin Salvador, babban birnin Bahia, galibinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban boren da tarihi bai manta da shi ba, kuma an sami takardu da layu rubuce da Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin a 1807, amma Birazil ba ta daina shigo da bayi ba sai a 1850, ba ta kuma soke bautar kanta ba sai a 1888. Saboda haka, idan yaro ya bi hanyar Gberefu, ya wuce rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta da gida, ya tsaya a inda ake loda su a jirgi, yana iya kasancewa sawun wani ɗan Kano ko Katsina ko Zazzau yake takawa.

Adalci kuma ya sa a gaya wa yaro ɗaya ɓangaren: ƙasar Zazzau ita ma ta yi harin bayi, ta sayar, ta kuma zaunar da su a rinji suna noma. Uban da ya faɗi wannan da bakinsa, cikin natsuwa, ya fi wanda ya bar ɗansa ya tsince shi a bakin mai gori.

Yaya batun salla da alwala?

Akwai Musulmi da masallatai a Badagry, don haka Juma'a da jam'i ba za su gagara ba. Alwala da ruwan teku ta halatta, domin hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Sai dai gishirinsa yana da zafi a ido da hanci, kuma tsayawa alwala a inda igiya ke fashewa ganganci ne, gara a ɗebo a buta a koma tudu. Teku yana kudu ne, saboda haka idan ka juya masa baya ka fuskanci arewa, sai ka karkata sosai zuwa hannun dama, alƙibla tana gabas maso arewa. Rana tana yin zawali a can bayan ta Zariya da kusan minti 20, don haka a bi kiran sallar garin. Nisan tafiyar ya kai na ƙasaru. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku zai cika sallarsa.

Mata za su sake da hijabinsu?

Za su sake. Mutanen yankin sun saba da ganin mata masu lulluɓi, ba wanda zai tsangwame su. Abin lura kawai shi ne dogon hijabi da zane idan suka jiƙe suna yin nauyi su nannaɗe ƙafa, wanda wani dalili ne na kada a wuce idon sawu. A kama rumfa a gefe, nesa da masu sayar da giya da amsa-kuwwa, a kuma duba makewayi kafin a biya kuɗin rumfar. Haka nan mu ma a kanmu akwai haƙƙin baƙunci: ba a ɗaukar hoton masunta da matansu sai da izini, kuma idan aka ci karo da dodon Zangbeto, wanda Egun ke girmamawa a matsayin mai tsaron gari, a ba shi hanya ba tare da izgili ba.

Me za a ci?

Kifi sabon kamu da kwakwa su ne arzikin garin. A sa a gasa kifin a gaban ido, a ci da zafinsa. Ƙaguwa da jatan lande halal ne, amma wanda bai taɓa ci ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna, domin wasu jikinsu ba ya karɓa. Nama kuwa a saya wajen mahautan da aka san yankansu. Miyar can tana da yaji da manja fiye da yadda yaranmu suka saba, don haka guzurin dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kunu da soyayyar gyaɗa zai yi rana.

Wane shiri ake yi ta fuskar lafiya?

Sauro yana nan duk shekara, saboda haka a tafi da gidan sauro ko a tabbatar masauki yana da shi. A riƙe gishirin haɗa ruwan zawo, da maganin zazzaɓin yara, da malafa ko laima, da takalmin roba domin yashi yana ƙuna da tsakar rana kuma akan sami fasassun kwalabe. A sha ruwan gora ko na leda da aka amince da shi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗebi maganin da zai ishe shi har da ƙarin kwanaki.

Gaskiya ne akwai shingayen jami'an tsaro da yawa? Za a iya leƙawa Kwatano?

Gaskiya ne. Daga Agbara zuwa Seme, wadda ke kimanin kilomita 20 daga Badagry, akwai shingayen kwastan da 'yan sanda da jami'an shige da fice, domin hanya ce ta kan iyaka. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa, takardun mota su zama cikakku, a kuma yi magana da ladabi. Kada a sayi buhun shinkafa 'yar waje don an ga araha, domin ana iya ƙwace shi a hanya. Mai son ƙetarawa zuwa Kwatano ba ya bukatar biza tunda Najeriya da Benin suna cikin ƙungiyar ECOWAS ta ƙasashen Afirka ta Yamma, amma yana bukatar fasfo da katin rigakafin shawara, har da na yara, kuma ta ƙofar hukuma kaɗai ake bi, ba ta hanyar da 'yan acaba za su nuna ba.

Kwana nawa ya isa, kuma nawa za a tanada?

Kwana uku a Badagry sun wadatar: wuni ɗaya na gidajen tarihi da Gberefu, wuni ɗaya na bakin teku, wuni ɗaya kuma na hutawa da sayen tsaraba, wato kwakwa, man kwakwa, busasshen kifi da tabarmi. Idan aka haɗa da tafiya da dawowa a mota, mako guda ke nan. Farashin mota da masauki yana canzawa da tsadar mai, don haka a tambaya a makon tafiya, a kuma lissafa cewa kowane gidan tarihi yana da nasa kuɗin shiga, mai bayani da mai jirgi da mai rumfa kowa da nasa, kuma duk a daidaita kafin a fara. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana a raba su aljihu biyu, domin layin waya yakan yanke a bakin teku, tura kuɗi ta waya ya gagara. Gida biyu ko uku da suka haɗu suka ɗauki shatar mota guda sukan rage kusan duk waɗannan kuɗaɗe, kuma suna samun manya da yawa da za su riƙa karɓar juna wajen kallon yara a bakin ruwa.